Sashen da Likita Zai Cike

Litinin, 16 ga Yuni, ƙarfe goma na safe

Jiya aka sallamo ni. Kwana huɗu na yi a asibiti, aka ƙara mini jini leda biyu. Akwatunan suna nan a bakin ƙofar ɗaki yadda muka jera su, manya biyu da ƙarami ɗaya na kayan jarirai. Ranar Juma'ar nan ya kamata mu hau jirgi zuwa ƙasar da 'yarmu Auta take aure, domin watan haihuwarta ya kusa kamawa. Likitan babban asibiti ya ce ko tashar mota kada in leƙa, balle filin jirgi. Za a yi mini aiki ranar tara ga watan gobe.

Ba zan rubuta sunan abin ba. Su ma ba su gama sa masa suna ba, sun ce sai an ciro an duba.

Maigidana ya samu aikin yi. A littafin nan Akawu zan riƙa ce masa, tunda ba zai gani ba. Shekara talatin da biyu ya yi yana jera fayiloli a ma'aikatar ruwa, kuma ritaya ba ta raba shi da rula da jan biro ba. Yau da sassafe ya buɗe sabon fayil, kore, ya rubuta INSHORA a bayansa da manyan baƙaƙe.

“Malama, kin ga amfanin inshorar tafiyar nan da kika yi mini dariya a kanta? Idan rashin lafiya ta hana mutum tafiya, kamfani zai mayar masa da kuɗin tikitinsa kaf. Kina warkewa mu sayi wani, mu je mu ga jikanmu.”

Sau uku ya faɗa kafin in gama shan shayi. Na lura duk sanda ya zo kan “kina warkewa”, fayil ɗin yake kallo.

Laraba, 18 ga Yuni, ƙarfe ɗaya na rana

Ya bugo fom ɗin kamfanin a shagon bakin titi. Shafi huɗu ne. Ya karanta mini su duka a tsaye, har da ƙananan rubutun ƙasa waɗanda babu mai karantawa a duniya sai shi.

Sashe na uku ba mu za mu cike ba. Na likitar unguwa ne, wadda ke riƙe da katina. Layin farko yana cewa: ranar da mara lafiya ya fara zuwa da wannan matsala.

Akawu ya ce, “Wannan ai mai sauƙi ne. Sha ɗaya ga Yuni, ranar da kika faɗi a gaban allo.”

Na ce masa kaina yana juyawa, zan kwanta.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Ba sha ɗaya ga Yuni ba ce.

Alhamis, 19 ga Yuni, bayan ya fita sayen magani

Bari in rubuta sau ɗaya, ko zan samu in yi numfashi.

Ranar Talata, sha huɗu ga Janairu, na nemi izinin shugabar makarantarmu na tafi asibitin unguwa. Aka yi mini hoton ciki. Likita ta daɗe tana kallonsa, ta ba ni wasiƙa zuwa babban asibiti, ta ce kada in kwana bakwai ban je ba. A satin ne Auta ta kira ta ce tana da ciki, bayan ɓari biyu da ta yi. Tana kuka tana dariya, tana cewa, “Mama, wannan karon ke za ki fara yi masa wanka.” Sai na ninke wasiƙar da hoton, na sa su a aljihun teburina a makaranta, ƙarƙashin kwalin alli. Na ce in na dawo daga wurin Auta sai in je.

Wannan shi ne dalilin da ya fi kyan faɗa. Ɗayan kuwa tsoro ne kawai.

A watan Afrilu Akawu ya sayi tikiti, ya haɗa da inshorar. Ina guga a falo, shi kuma yana zaune yana karanto tambayoyin ɗaya bayan ɗaya kamar alƙali. Ya zo ta bakwai: a cikin wata goma sha biyu da suka wuce, ko wani likita ya tura ki gwaji ko ya tura ki wani asibiti? Na ce a'a. Ko kaina ban ɗaga daga kan rigarsa ba. Ya ja layi, ya sa hannu a ƙasa, wurin da aka ce duk abin da ke sama gaskiya ne.

Na san kamfanin ba zai biya ba idan suka ga Janairu. Su riƙe kayansu. Abin da ke hana ni cin abinci shi ne Akawu zai karanta wannan layin kafin kowa. Zai san wata biyar na bar abin yana girma, ina kwana a gefensa, ina yi masa tsiya a kan tumbinsa.

Juma'a, 20 ga Yuni, ƙarfe uku da rabi

Yanzu da muna cikin jirgi. Akawu ya duba agogonsa, na duba na bango.

Auta ta kira ta bidiyo. Fuskarta ta cika, ƙafafunta sun kumbura, ta ɗaga mana su mu gani.

“Mama, kin rame.”

“Wayarki ce mai araha, kowa ta ɗauka sai ya rame.”

Ta yi dariya, sannan ta ce, “Ni dai na gode wa Allah da aka gano da wuri. Baba ya ce kina faɗuwa aka kai ki, ba a ɓata lokaci ba. Likitata a nan ta ce irin wannan, in an kama shi da wuri, ba abin tayar da hankali ba ne.”

Akawu yana bayana yana gyaɗa kai. Na ce mata cajin wayata ya kusa ƙarewa, alhali a cike take.

Lahadi, 22 ga Yuni, da hantsi

'Yan dubiya tun safe. Yaya ta zo da ƙawayenta uku, kowacce da labarin wata da aka yi wa irin aikin. Biyu daga cikin matan labarin sun warke. Ta ukun, mai ba da labarin ta kai tsakiya sai Yaya ta taka mata ƙafa, ta koma maganar tsadar gas.

Litinin, 23 ga Yuni, ƙarfe tara na safe

Na fito na tarar ya goge takalminsa, ya sa fom ɗin a leda don kada ya yi datti. Wai zai kai wa likita.

Na ce, “Baban Auta, bar shi, ni zan kai gobe. Akwai maganar mata da nake so mu yi da ita.”

Maganar mata kaɗai ke sa shi ja da baya. Ya miƙo mini ledar da hannu biyu, ya ce in tabbatar ta buga hatimi, kuma ta rubuta kwanan wata da baƙaƙe, ba da lambobi kawai ba, don kada a samu ruɗani. Wannan mutumin, in ka ce masa gobara ta tashi, sai ya tambaye ka ƙarfe nawa ta fara.

Talata, 24 ga Yuni, ƙarfe biyu na rana

Na je. Yaya ta raka ni, na bar ta a benci tana hira da mai rubuta kati.

Likitar nan ɗalibata ce, ni na koyar da ita a aji huɗu. Har yanzu in na shiga sai ta miƙe tsaye. Ta karanta fom ɗin, ta jawo katina, ta buɗe. Na ga rubutunta na Janairu daga inda nake zaune.

Na ce, “'Yata, wata alfarma na zo nema. Layin farkon nan, ki sa sha ɗaya ga Yuni.”

Ta ajiye biro. “Malama, sau biyu na kira wayarki a Fabrairu.”

“Na gani.”

“Ba ki ɗauka ba.”

“Ina aji.”

Ta kafe ni da ido. Ni da na shekara ashirin da shida ina sa yara su sunkuyar da kai, yau ni ce nake kallon yatsun ƙafata.

Ta ce, “Kin tuna sanda na kankare makina da reza, na mayar da talatin da takwas tamanin da takwas? Har gida kika bi ni. Ba zan iya canza kwanan watan nan ba, Malama. Takardar shaidata ce za ta tafi, kuma ko ba haka ba, ba zan yi ba. Abin da zan iya shi ne in cike, in rufe a ambulan, in damƙa miki a hannunki. Daga nan ya rage naki.”

Na ce kuɗin tikitin ba kaɗan ba ne, kuɗin sallamarsa ne.

Ta ce, “Baba bai sani ba ke nan.”

Na miƙe. Ta rako ni har bakin ƙofa tana riƙe da jakata. Yaya ta ga idona ta ɗauka wani mugun labari aka ba ni, ta fara kuka tun a benci, sai da na dawo ina rarrashinta.

Alhamis, 26 ga Yuni, ƙarfe huɗu na yamma

Na karɓo. Farin ambulan, da hatimi a bakinsa. Na buɗe ƙaramin akwatin na cusa shi a ƙarƙashin safunan jarirai, domin nan ne kaɗai Akawu ba ya taɓawa, wai hannunsa ya yi musu kaushi.

Na ce masa likita ta yi tafiya, sai mako mai zuwa. Ya rubuta a fayil: likita ta yi tafiya, 26 ga Yuni.

Ya rubuta, wallahi. Da jan biro.

Asabar, 28 ga Yuni, da azahar

Ciwo tun safe. Ya tambaya sau biyu ko likita ta dawo.

Litinin, 30 ga Yuni, ƙarfe sha ɗaya

Yarinyar kamfanin inshora ta kira. Ya buɗe muryar wayar don in ji, ya gyara zama kamar tana ganinsa. Muryarta mai daɗi, irin ta wadda aka koya wa haƙuri da tsofaffi. Ta yi mini sannu da jiki. Ta ce saura sashe na uku, kuma kwana talatin ake bayarwa daga ranar da aka soke tafiya. Ta ƙara da cewa duk abin da suke dubawa shi ne ko ciwon ya riga inshorar.

Akawu ya yi 'yar dariya. “'Yata, shekara talatin da biyu ina sa hannu a takardun gwamnati, ban taɓa sa shi a kan ƙarya ba. Matata lafiyarta ƙalau har ranar da ta faɗi. Ko mura ba ta cika yi ba.”

Ta ce, “Babu damuwa, Baba. In likitar ba ta nan, Mama ta sa hannu a shafi na huɗu, mu za mu nemi bayanin kai tsaye daga asibitin.”

Kafin ta ajiye waya har ya cire murfin biro. Na ce hannuna yana rawa, a bari sai anjima. Wannan kam ba ƙarya na yi ba, ya gani da idonsa. Ya kama hannun ya riƙe a nasa, ya ce yunwa ce, ya tashi ya dafa mini ƙwai. Ya ƙone shi, na cinye duka.

Talata, 1 ga Yuli, ƙarfe bakwai na safe

Na zauna na tsara yadda zan faɗa masa. Baban Auta, akwai wata magana. Baban Auta, zauna mu yi magana. Baban Auta, ka yi haƙuri.

Ya shigo da shayi, na ce masa sukari ya yi yawa.

Laraba, 2 ga Yuli, ƙarfe uku na rana

Mun dawo daga babban asibiti, gwaje-gwajen kafin aiki. Likitan da zai yi aikin dattijo ne mara yawan magana. Ya maƙala hoton a jikin fitila, ya tambaye ni ko na daɗe ina jin sa. Akawu ya riga ni: “Sati uku ke nan, likita, yau kwana ashirin da ɗaya.”

Likitan ya dubi hoton, ya dube ni. Bai dubi Akawu ba.

Ya ce, “Da akwai wani tsohon hoto, ko na watannin baya ne, da ya taimake ni ƙwarai. In na san saurin girmansa, zan san iya inda zan yanka, da abin da zan shirya kafin in shiga. Babu?”

Akawu ya ce babu, ai da akwai da yana cikin fayil.

Na buɗe baki. Na rantse na buɗe. Nas ta shigo da wata takarda, likitan ya juya, ni kuma na rufe.

A mota na yi ta juya maganar likitan. Yanzu ba maganar Akawu kaɗai ba ce. Mutumin da zai sa mini wuƙa yana neman abin da ke ƙarƙashin kwalin alli.

Alhamis, 3 ga Yuli, ƙarfe ɗaya

Akawu ya ce haƙurinsa ya ƙare, gobe da kansa zai je asibitin unguwa, in likita ba ta dawo ba a nuna masa mataimakinta. Ya fito da rigarsa ta zuwa ofis ya rataye.

Na ce zan leƙa makaranta in miƙa rajistar aji. Ana cikin darasi na isa. Yaran suka miƙe gaba ɗaya suna gaishe ni, wata ta ce sun ɗauka na mutu, malamar da ke riƙe mini ajin ta daka mata tsawa. Na ce a bar ta, tambaya ce mai kyau. Wurin da na faɗi a gaban allo an goge shi tas, amma idona bai bar kansa ba.

Wasiƙar da hoton suna nan inda na bar su. Ƙurar alli ta shiga ninkin. Na kaɗe, ba ta fita duka ba.

Ina tsoro. Ina tsoron wuƙa, ina tsoron abin da za su ciro, amma gobe da safe na fi tsoro.

Juma'a, 4 ga Yuli, ƙarfe goma na safe

Na yi.

Yana ɗaura agogo na ajiye su a kan fayil ɗin: ambulan, wasiƙa, hoto. Na ce, “Likita ba ta yi tafiya ba.” Duk abin da na tsara, wannan kaɗai ya fito.

Ya zauna. Ya yanka bakin ambulan da rula, a hankali, yadda yake yi wa kowace takarda. Ya karanta layin farko. Likita ta rubuta da baƙaƙe kamar yadda ya nema, sha huɗu ga Janairu. Ya karanta wasiƙar. Ya ɗaga hoton ya duba ta hasken taga, shi da bai san kansa da gindinsa ba. Na ga leɓɓansa suna motsi, yana lissafa watanni da yatsu a kan gwiwarsa. Da ya kai biyar ya tsaya, hannun ya zauna a buɗe.

Na jira faɗa. Na jira ya ce na sa shi ya yi ƙarya da hannunsa. Da ya yi, da na samu sauƙi.

Ya ɗauki hoton da wasiƙar, ya bar fom ɗin a tebur, ya fita. Ko hula bai sa ba.

Juma'a, ƙarfe biyu

Ya dawo. Ya ce ya kai wa likitan da zai yi aikin, ya jira shi awa biyu a baranda. Likitan ya ce a zo da ni ranar Talata maimakon safiyar Laraba, kuma a tanadi ƙarin jini. Iyakar maganarsa ke nan. Ya shiga ɗaki ya turo ƙofa.

Asabar, 5 ga Yuli, da yamma

Yana kawo magani a kan lokaci. Yana kawo ruwa. Ba ya magana.

Lahadi, 6 ga Yuli, ƙarfe sha biyu na rana

Na tarar da wasiƙa a kan tebur, zuwa ga kamfanin, da rubutunsa mai kyau. Layi biyar ce. Ya ce ya janye buƙatarsa, domin amsar tambaya ta bakwai ba daidai ba ce, kuma shi ne ya cike, shi ne ya sa hannu. Babu sunana ko sau ɗaya.

Na tsaya a ƙofar ɗaki na ce, “Baban Auta, ka zage ni mana.”

Ya ce, “Kin sha na rana?”

Auta ta kira sau biyu, ba wanda ya ɗauka. Ban san me zan ce mata ba tukuna.

Talata, 8 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma, a gadon asibiti

Sun ba ni gado na uku daga ƙofa. An hana ni abinci daga yanzu. Matar da ke kusa da ni tana barci da baki a buɗe, ina jin kishin barcinta.

Akawu ya zauna a kujerar roba tun azahar, yana juya katin ziyara a hannunsa. Can sai ya yi gyaran murya. Na ce a raina, yau ga ta nan.

Ya ce, “Malama, ranar nan ta Janairu. Wa ya raka ki?”

“Ba kowa.”

“Da me kika dawo?”

“Da ƙafa. Na so in ɗan yi tafiya.”

“Daga asibitin har gida?”

“Har makaranta. Ina da darasi bayan hutun tara.”

Ya cire tabarau, ya rasa inda zai ajiye shi, ya riƙe. “Na duba kalanda, Talata ce. Ina gida ranar. Ba inda na je, ba abin da nake yi. Kwana huɗu ke nan ina ta ƙoƙarin tuna fuskarki da kika shigo, na kasa. Ban duba ba.”

Na ce ba laifinsa ba ne, ni na ɓoye.

Ya ce, “Tambaya goma sha takwas na karanto miki daga takardar mutane. Ban yi miki ko ɗaya tawa ba.”

Sai ya kifa goshinsa a ƙarfen gadon. Ban taɓa ganin kafaɗunsa suna yin haka ba, ko ranar da mahaifiyarsa ta rasu. Na sa hannu a kansa, gashin duk ya yi fari a tsakiya, ni ma ban san yaushe ba. Nas ta zo ta ce lokacin ziyara ya ƙare. Bai ɗago ba, ita kuma ta wuce ta bar mu.

Laraba, 9 ga Yuli, ƙarfe bakwai saura na safe

Sun zo da gadon turawa. Har yanzu ina tsoro, kuma na faɗa masa. Ya ce shi ma. Zai bi mu har ƙofar da za su ce ya tsaya, yana riƙe da takalmana.